Inshorar Lafiya A Wurin Aiki A Amurka: A Cire Zubin Kafin Haraji Ko Bayansa?

Duk mai aikin albashi a Amurka ya san lokacin rajistar inshora, wanda a yawancin kamfanoni yake faɗowa tsakanin Oktoba da Nuwamba. Hankalin mutane yakan tafi ne ga zaɓen tsarin da za su shiga: wanne ne mai sauƙi, wanne ne likitan yara yake karɓa, nawa mutum zai kashe daga aljihunsa kafin inshorar ta fara ɗaukar nauyi. Amma akwai wata tambaya da ake wucewa ta kanta da gudu, ita ce ko za a cire zubinka daga albashi kafin a lissafa haraji, ko kuwa sai an gama cire haraji sannan a ɗauka daga abin da ya rage. A fom za ka ga an rubuta pre-tax ga na farko, after-tax ko post-tax ga na biyu. Kamfanoni da yawa ma ba sa tambaya, suna sa ma'aikaci a na farko ne kai tsaye, sai in shi da kansa ya nemi a fitar da shi.

Zan faɗi matsayina tun yanzu: ga mafi yawan ma'aikata, cirewa kafin haraji ita ce riba, kuma ba ƙaramar riba ba. Sai dai akwai wani rukuni da lissafinsu ya bambanta, kuma 'yan'uwanmu suna da yawa a cikinsa, wato waɗanda suka shigo ƙasar da shekarunsu, suna aiki mai ƙaramin albashi. Shawarar da ake ba haifaffen ƙasar da ya fara aiki tun yana ɗan shekara 20 ba lallai ta dace da su ba. Zan daɗe a kan wannan idan na zo wurin.

Wanda ya taɓa aikin albashi a Najeriya ba zai ga abin baƙo ba, domin can ma ana ware zubin fansho na kashi 8 cikin 100 da na inshorar lafiya ta ƙasa kafin a lissafa harajin albashi. A Amurka tushen abin shi ne sashe na 125 na dokar haraji ta tarayya, wanda aka shigar a 1978. Tun kafin nan, dokar 1954 ta tabbatar cewa kuɗin da kamfani yake biya wa ma'aikaci na inshorar lafiya ba a ɗauke shi a matsayin albashin da za a sa wa haraji ba. Abin da sashe na 125 ya ƙara shi ne ya ba ma'aikaci damar ya yarda a rage masa albashi daidai da zubinsa, sai a lissafa wannan kuɗin kamar kamfani ne ya biya. A idon hukumar haraji ta IRS, kuɗin bai taɓa shiga hannunka ba.

Kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne. Binciken shekara-shekara na cibiyar KFF ya nuna cewa a 2024 matsakaicin farashin inshorar iyali ta wurin aiki ya kai dala 25,572 a shekara, ma'aikaci kuma yana biyan dala 6,296 daga ciki. Ga mutum ɗaya, dala 8,951 ce, rabon ma'aikaci dala 1,368.

Haraji iri uku ne cirewa kafin haraji take ragewa. Akwai harajin kuɗin shiga na tarayya, mai hawa-hawa daga kashi 10 zuwa 37. Akwai harajin da ake kira FICA, kashi 7.65, wanda ya ƙunshi 6.2 na asusun fanshon gwamnati, wato Social Security, da 1.45 na inshorar tsofaffi ta Medicare. Sai harajin jiha ga wanda jiharsa take karɓa. Wannan na tsakiyar shi ne abin da ya sa zubin inshora ya fi zubin 401(k), wato asusun ritaya na wurin aiki, gata. Kuɗin da ka zuba a 401(k) yana tsere wa harajin kuɗin shiga na yanzu, amma ana cire masa FICA, kuma ranar da ka zo ɗauka za ka biya haraji. Zubin inshorar lafiya kuwa ya tsere wa duka biyun, kuma ba jinkirta harajin aka yi ba, yafe shi aka yi.

A ce magidanci ne a Houston, albashinsa dala 70,000 a shekara, shi da matarsa suna cike takardar haraji tare. A 2025 rangwamen bai-ɗaya, wato adadin da ake ragewa daga kuɗin shiga kafin a lissafa haraji, na ma'aurata dala 31,500 ne, don haka abin da za a sa wa haraji dala 38,500 ne, yana rukunin kashi 12. Zubinsa dala 500 a wata, wato 6,000 a shekara. Idan an cire kafin haraji, ya tsira da dala 720 na harajin tarayya da dala 459 na FICA, jimilla 1,179. Texas ba ta karɓar harajin albashi, saboda haka iyakar ribarsa ke nan. Inshorar da aka rubuta masa 6,000, a zahiri 4,821 ta ci masa. Da a Maryland ko New York yake, da ribar ta ƙaru da abin da zai tsira da shi na jiha. Da kuma gwauro ne mai dala 80,000, yana rukunin kashi 22, to kusan kashi 30 na duk dalar da ya zuba zai dawo aljihunsa.

Wani zai ɗauka cewa mai babban albashi ne kaɗai yake morar wannan tsari sosai. Ba haka ba ne, kuma dalilin shi ne tallafin haraji na masu ƙaramin ƙarfi da ake kira EITC. Wannan tallafi yana hawa ne har ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka yayin da kuɗin shiga yake ƙaruwa. Ga mai 'ya'ya biyu ko fiye, a zangon saukar, duk ƙarin dala 100 na albashi yana cinye dala 21.06 na tallafin. Juya abin: duk dala 100 da aka rage daga albashin da ke kan takarda yana dawo da dala 21.06. Ɗauki uwa mai riƙe da 'ya'ya biyu ita kaɗai, tana aikin kula da marasa lafiya a Bronx, albashinta dala 42,000, zubinta 3,600. Cirewa kafin haraji za ta rage mata harajin tarayya da kimanin dala 388, FICA da dala 275, ta kuma ƙara mata tallafin EITC da kimanin dala 758. Jimilla ta haura dala 1,400, kusan kashi 40 na zubin, tun ma ba a sa na jiha ba. Ita ce ta fi kowa cin riba a misalanmu, kuma ina jin takaici idan na ga irinta ta zaɓi bayan haraji don wani ya ce mata wai za ta karɓi kuɗin a ƙarshen shekara.

Wannan maganar ta karɓa a ƙarshen shekara ita ce babbar hujjar masu goyon bayan cirewa bayan haraji, kuma ita ce mafi rauni. Gaskiya ne cewa zubin da aka biya da kuɗin da aka riga aka cire wa haraji ana iya lissafa shi cikin kuɗin magani a takardar Schedule A, wato takardar lissafa abubuwan ragewa ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai shinge biyu. Na farko, ba a rage maka sai abin da ya haura kashi 7.5 na kuɗin shigarka. Mai dala 70,000, dala 5,250 ta farko ba ta shiga lissafi, saboda haka daga zubinsa na 6,000, dala 750 kaɗai ta tsallake. Na biyu, wanda ya zaɓi lissafa abubuwan ragewa ɗaya bayan ɗaya ya bar rangwamen bai-ɗaya ke nan, kuma sai jimillar abubuwansa ta fi wannan rangwame, wanda a 2025 ya kama dala 31,500 ga ma'aurata, ko 15,750 ga mutum ɗaya, kafin hakan ya yi masa amfani. Mafi yawan masu biyan haraji ba sa kaiwa nan. Ko da ma mutum ya kai, saboda shekarar ta zo masa da tiyata ko doguwar jinya, FICA ɗin da aka riga aka cire ba ya dawowa ta wannan hanya. A fagen harajin shekarar da ake ciki, babu yadda bayan haraji zai kamo kafin haraji, sai a wasu yanayi kaɗan, kamar na mai ƙaramin albashi sosai da yake zangon hawan EITC. A 2025 zangon ya ƙare ne a dala 12,730 ga mai ɗa ɗaya, 17,880 ga mai biyu ko fiye. A ƙasa da nan, rage albashin kan takarda rage tallafin ne, da kashi 34 zuwa 45. Mai aikin wucin gadi da albashinsa yake nan ya kula.

Abin da ba a yarda da shi ba sam shi ne cin riba sau biyu. Zubin da aka cire kafin haraji ba a sake sa shi a Schedule A. Na ambaci wannan ne saboda akwati na 12 a takardar W-2, wato takardar shekara da kamfani yake ba ma'aikaci mai nuna albashinsa da harajin da aka cire, inda ake rubuta wani babban adadi da alamar DD. Wannan adadi jimillar farashin inshorarka ne, naka da na kamfani haɗe, an rubuta shi ne don ka sani kawai. Ba a sa masa haraji, ba a kuma rage shi. Idan mai cike maka takardar haraji ya ɗauke shi ya mayar da shi abin ragewa, sa hannunka ne a ƙasan takardar, kai za a nema. Wanda kuma yake son ya tabbatar wane tsari yake ciki, ya kwatanta jimillar albashinsa a takardar albashi ta ƙarshen shekara da akwati na 3 da na 5 na W-2. Idan sun gaza jimillar da adadin zubinsa, kafin haraji ake cire masa.

To, ina asarar take? Tunda an rage albashin da ake cire wa kashi 6.2, an rage albashin da hukumar Social Security take rubutawa a tarihin aikinka, kuma daga wannan tarihin ake lissafa fanshonka. Masu ba da shawara sukan ce ragin ɗan kaɗan ne, kada ka damu. Ga yawancin mutane sun yi gaskiya, amma sai an buɗe lissafin kafin a ga wanda maganar ba ta hau kansa ba.

Hukumar tana ɗaukar shekaru 35 mafi tsoka na albashinka, ta daidaita su da hawan albashin ƙasa, ta haɗa, ta raba da watanni 420. Wanda bai cika shekara 35 yana aiki a ƙasar ba, ana cike masa gurbin da sifili. Matsakaicin da ya fito sai a yanka shi gida uku. Ga wanda ya cika shekara 62 a 2025, dala 1,226 ta farko ana ba shi kashi 90 nata, daga nan zuwa 7,391 kashi 32, abin da ya haura kashi 15. An tsara shi haka ne don a tallafi wanda ya yi rayuwarsa a ƙaramin albashi.

Magidancinmu na Houston, in ya yi dogon aiki, zai faɗa yankin kashi 32. Dala 6,000 da aka ɓoye daga tarihinsa a shekara guda tana rage matsakaicinsa da dala 14.29, fanshonsa kuma da dala 4.57 a wata. In Allah ya ba shi shekara 20 bayan ritaya, asarar ta kai kimanin dala 1,100. Ya karɓi 1,179 a yau, zai rasa 1,100 a warwatse bayan shekaru masu yawa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle in ya ɗauki rarar ya zuba a asusun ritaya ko ya biya bashi da ita. Wanda albashinsa ya kai shi yankin kashi 15, asararsa ba ta kai rabin haka ba. Wanda kuwa albashinsa ya haura iyakar da ake cire wa harajin Social Security, dala 176,100 a 2025, ko bayan an cire zubin, fanshonsa ba ya motsi ko kaɗan.

Yanzu ga mutumin da na ce zan daɗe a kansa. Ya shigo Amurka yana da shekara 50, ta hanyar caca ta biza ko ɗansa ne ya kawo shi. Yana aiki a ɗakin ajiyar kaya ko gadi, albashi dala 35,000. In ya yi shekara 14, jimillar abin da ya samu dala 490,000 ce. Raba da 420, matsakaicinsa bai kai dala 1,200 ba. Duk tarihin aikinsa yana cikin yankin kashi 90. A idon tsarin, shi talaka ne da ya yi shekara 35 yana samun kaɗan, don haka kowace dala da aka rubuta masa tana da nauyi kusan ninki uku na ta abokin aikinsa haifaffen ƙasar. Layin yana wajen dala 515,000 na jimillar albashin rayuwa, wato 1,226 sau 420.

A ce shi da matarsa ne a inshorar, 'ya'ya sun girma, zubinsa dala 3,600 a shekara. Bayan rangwamen bai-ɗaya na 31,500, abin da ya rage a sa wa haraji dala 3,500 ce kacal, harajinta 350. Saboda haka duk abin da cirewa kafin haraji za ta tsirar masa shi ne wannan 350 da 275 na FICA, dala 625. A ɗaya ɓangaren, fanshonsa ya ragu da dala 7.71 a wata saboda wannan shekara guda. A shekara 20, dala 1,850 ke nan. In matarsa ba ta yi aikin da zai ba ta fanshon kanta ba, haƙƙinta ya kai rabin nasa, ita ma nata ya ragu, in kuma ya riga ta rasuwa, abin da za ta ci gaba da karɓa daga nasa ake lissafawa. Kuma ritayarsa ba nisa gare ta ba, shekara goma sha ce. Ga wannan bawan Allah, ni dai bayan haraji zan ba shi shawara, muddin kamfaninsa yana ba da zaɓin, muddin kuma dala hamsin da 'yan kai da zai rasa a wata ba za ta hana shi biyan haya ba.

Amma shawarar tana da sharuɗɗa, kuma dole a faɗe su. Sai ya tara maki 40 kafin ya cancanci fansho, wato aƙalla shekara 10 ta aiki. A 2025 maki ɗaya dala 1,810 ne, ba a kuma samun fiye da huɗu a shekara. Amurka ba ta da yarjejeniyar haɗa shekarun fansho da Najeriya ko Nijar ko Gana, don haka shekarun da ya yi yana aiki a gida ba za su cike masa gurbi ba. Wanda ya san ba zai kai shekara 10 ba, ba shi da abin karewa, ya ɗauki ribarsa ta yau. Sannan in niyyarsa ita ce ya koma gida ya ci fanshon a can, takardarsa tana da tasiri. Wanda ya zama ɗan ƙasa ana biyansa a kusan ko'ina a duniya. Wanda bai zama ba, akwai ƙa'idar dakatar da biya bayan wata 6 a waje, wadda take da togaciya gwargwadon ƙasar mutum da tsawon aikinsa, kuma idan ya koma matsayin baƙon da ba mazauni ba ana riƙe kashi 25.5 na fanshon a matsayin haraji. Haka nan wanda ya fara karɓa yana shekara 62 maimakon 67, ana rage masa kashi 30. Duk waɗannan suna rage nauyin hujjar, ko da yake a yankin kashi 90 ba kasafai suke rushe ta ba. Kafin ya yanke, ya buɗe shafinsa a gidan intanet na hukumar ya haɗa albashin da aka rubuta masa zuwa yanzu. In kuma har yanzu yana da ƙananan yara, yana karɓar EITC a zangon sauka, ribar yau ta yi tsalle sama, sai ya sake lissafi.

Ɗalibai masu bizar F-1 da suke aikin horo bayan karatu, a shekarunsu 5 na farko galibi ba a cire musu FICA. Ribarsu ta tsaya ga harajin kuɗin shiga, ba su kuma da tarihin fansho da zai ragu. Kafin haraji ne nasu, babu dogon tunani.

Farashi na biyu na cirewa kafin haraji shi ne ɗauri. Zaɓin da ka yi a lokacin rajista yana kanka har shekarar tsarin ta ƙare. Ba ka fita, ba ka cire wani, ba ka ƙara wani, sai in wani abu daga jerin da doka ta amince da shi ya faru: aure, saki, haihuwa, ɗaukar riƙon yaro ta hanyar doka, rasuwa, canjin aikinka ko na abokin zamanka da ya shafi cancanta, rasa wata inshorar. Ko a nan ma lokaci gajere ne, galibi kwana 30, ko 60 idan abin ya shafi Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, ko inshorar yara ta CHIP. Matsin tattalin arziki ba ya cikin jerin. Wanda yake shirin tura iyali gida su yi watanni, ya tambayi sashen kula da ma'aikata tun kafin rajista ko tsarinsu zai bari ya cire su a tsakiyar shekara, domin zai iya samun kansa yana biyan zubin iyali alhali babu mai amfani da shi. Mai biya bayan haraji ba ya ƙarƙashin wannan ƙa'ida ta IRS, sai dai kamfani ko mai inshora suna iya kafa tasu. Ni ban ga wannan sassauci ya kai a sayar da dala dubu a kansa ba, sai ga wanda ya riga ya san canjin yana tafe.

Akwai kuma batun wa aka yarda a cire wa kafin haraji. Doka ta san kai, da matar aure ko miji na doka, da 'ya'ya har shekara 26, da wanda ya cika sharuɗɗan zama a ƙarƙashin kulawarka a takardar haraji. Mata ɗaya dokar ƙasar ta sani. Auren da aka ɗaura a masallaci ba tare da takardar aure ta hukuma ba kuwa, matsayinsa ya danganta da jiha. Idan kamfani ya yarda ka sa wadda doka ba ta ɗauke ta a matsayin matarka ba, kuma ba ta cika sharuɗɗan zama ƙarƙashin kulawarka ba, rabonta na zubi bayan haraji za a cire, abin da kamfani ya biya dominta kuma a ƙara shi a kan albashinka a sa masa haraji. Ɗan wa ko ɗan ƙane da kake riƙo bisa al'adarmu shi ma ba ya shiga kai tsaye, sai an duba sharuɗɗan. Gara a faɗi gaskiyar yadda gida yake tun a fom, domin kamfanoni suna binciken waɗanda aka sa, kuma suna neman takardu.

Wanda yake shirin ɗauko mata ko iyaye daga gida, shi ma ya duba wani gefe. Fom ɗin I-864 na ɗaukar nauyi yana buƙatar kuɗin shiga ya kai kashi 125 na ma'aunin talauci, wanda a 2025 ya kama dala 26,437 ga gida mai mutum biyu, 40,187 ga mai huɗu. A fom ɗin ana rubuta jimillar kuɗin shiga da ke kan takardar haraji, ita kuwa cirewa kafin haraji tana rage wannan adadi. Mai dala 43,000 da zubin 4,000 zai ga 39,000 a takardarsa. Ana iya nuna albashin yanzu da takardun albashi da wasiƙar wurin aiki, don haka ba ƙarshen magana ba ne, amma wanda yake bakin layi ya san da wannan shekara guda kafin ya shigar da takardu.

Kada a haɗa inshorar lafiya da inshorar naƙasa, wadda take biyan wani kaso na albashi idan ciwo ko haɗari ya hana mutum aiki. Sau da yawa a shafi ɗaya ake zaɓensu, amma hukuncinsu ya saɓa. Idan zubin inshorar naƙasa kafin haraji aka cire, kuɗin da za a riƙa biyanka ranar da ka kwanta za a sa masa haraji. Idan bayan haraji ka biya, za ka karɓe shi cif. Zubin ɗan kaɗan ne, ribar harajinsa 'yan daloli ce, abin da za a biya ka kuwa shi ne cin gidanka a lokacin da ba ka da ƙarfi. A nan bayan haraji nake zaɓa ba tare da jinkiri ba. A inshorar lafiya babu irin wannan, abin da ta biya wa asibiti dominka ba a sa masa haraji ko ta wace hanya ka yi zubi.

Mazauna New Jersey su sani cewa jiharsu ba ta bin tarayya a wannan batu, tana sa wa zubin haraji ko da an cire shi kafin harajin tarayya. Ribarsu ta tarayya da FICA tana nan, ta jiha ce babu.

Mai tunanin ya bar inshorar wurin aiki ya sayi tasa a kasuwar inshora ta gwamnati da dokar 2010 ta kafa, ya kwatanta da farashin gaskiya, ba wanda aka rubuta ba. Zubin kasuwa ba a cire shi daga albashi ta sashe na 125, da kuɗin bayan haraji ake biya. Tallafin gwamnati kuma ba a ba wanda wurin aikinsa ya yi masa tayin inshora mai inganci da doka ta ɗauka mai araha, wato wadda a 2025 ba ta wuce kashi 9.02 na kuɗin shigar gida ba. Tun daga 2023 ana auna arahar iyali da farashin iyalin, ba da na ma'aikacin shi kaɗai ba, saboda haka akwai gidajen da ya fi musu maigida ya zauna a ta wurin aiki, mata da yara su shiga kasuwa ko CHIP. A irin wannan gida cirewa kafin haraji tana ƙara taimakawa, domin ta rage kuɗin shigar da ake auna tallafin da shi.

Direbobin Uber da sauran masu karɓar takardar 1099 ba su cikin wannan zaɓi gaba ɗaya, tunda ba ma'aikatan albashi ba ne. Suna da nasu rangwamen na masu aikin kansu, wanda yake rage harajin kuɗin shiga amma ba ya taɓa harajin kashi 15.3 da suke biya a madadin FICA. Kuma ba a ba da shi a duk watan da mutum ya cancanci shiga inshorar da wurin aiki yake tallafawa, ko da na matarsa ne. Direban da matarsa take aikin asibiti, yawanci shiga tata ta hanyar cirewa kafin haraji ya fi masa, sai su duba ko wurin aikinta yana ƙara caji a kan miji kafin su sa hannu.